Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Waiwaye a Kan Ɗorewar Tsofaffin Kaɗe-kaɗen Jaz da Latin da na Yayi

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekarar 1996, wasu dattawa suka taru a wani tsohon ɗakin ɗaukar murya da ke birnin Habana na ƙasar Kiyuba. Babbansu, Compay Segundo, yana da shekara 88 a duniya. Mai kaɗa musu fiyano, Rubén González, ya ba shekara 76 baya, ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunsa, kuma ko fiyanon ba shi da ita a gida. Shi kuwa Ibrahim Ferrer, mai shekara 69, tuni ya yi ban kwana da waƙa, har yakan goge wa mutane takalma don ya cike giɓin ɗan fanshonsa. Cikin kwanakin da ba su wuce mako guda ba suka ɗauki waƙoƙi irin na ƙuruciyarsu, waɗanda samarin ƙasarsu suka daɗe da juya wa baya. Da faifan ya fito a 1997 da sunan Buena Vista Social Club, sai duniya ta yi caa a kansa, aka sayi miliyoyin kwafe.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun tambayar da wannan labari ya haifar, wato me ya sa wasu kaɗe-kaɗen da aka yi shekara hamsin ko tamanin da suka wuce suka ƙi mutuwa, alhali kuwa kullum sai an haifi dubban sababbi? Za a dubi tarihin kiɗan jaz, da na Latin, da waƙoƙin yayi na Turawa da ake kira pop, sannan a auna dalilan da ake kawowa, a ware tsaba daga ƙaiƙayi. Maganar ba ta tsaya ga nishaɗi ba kawai. Akwai abincin mawaƙan yau a cikinta, akwai kuma makomar abin da na jiya suka bari.

2.0 Yadda Murya Ta Daina Bin Mai Ita Kabari

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, duk mawaƙin da ya mutu da muryarsa ake binne shi. Abin da kan rage sai kalmomi da karin da almajiransa suka haddace, ko abin da aka rubuta a takarda. A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama sauti ta mayar da shi, a 1887 kuma Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai. Daga nan al'amari ya sauya. Faifan farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe, saboda haka dole mawaƙi ya dunƙule abin da zai faɗa cikin wannan ɗan taƙi. Wannan ƙunci shi ya yanka wa waƙar yayi rigar da take sanye da ita har yau. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai ɗaukar kimanin minti ashirin a gefe guda, kaset ya biyo baya a 1963, faifan CD a 1982, sannan sauraro ta intanet ya zo ya mamaye kasuwa bayan an buɗe Spotify a 2008.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da sabuwar na'ura ta fito, kamfanoni sukan koma rumbunsu su sake juye tsofaffin waƙoƙi a kanta su sayar. Ke nan mawaƙin yau ba da tsararrakinsa kaɗai yake takara ba, har da matattu, waɗanda muryarsu ba ta dushewa, ba sa tsufa, ba sa kuma neman a biya su kuɗin mota. Wannan shi ne tushen duk abin da za a tattauna a gaba.

3.0 Jaz: Daga Ƙasƙanci Zuwa Ɗaukaka

Kiɗan jaz ya tsiro ne a farkon ƙarni na 20 a birnin Niyu Oliyans na kudancin Amurka, a tsakanin baƙar fata jikokin bayi. Ya haɗa waƙoƙin aikin gona, da na coci, da kiɗan baƙin ciki da ake kira bulus, da bushe-bushen soja. Babban abin da ya bambanta shi da kiɗan Turai shi ne ƙirƙira nan take: akan kafa kari guda a matsayin turke, sai kowane makaɗi ya fito ya yi ta kewaya shi da nasa azancin, ya kuma dawo gida ba tare da ya ɓata ba. Abin mamaki, faifan jaz na farko da aka sayar, a 1917, wata ƙungiyar fararen fata ce ta yi shi.

Louis Armstrong, wanda aka haifa a 1901, shi ne ya ɗaga martabar mai busa shi kaɗai da faya-fayan da ya ɗauka tsakanin 1925 da 1928. Rayuwarsa kanta hujja ce a kan ɗorewa. A 1956 ya ziyarci Akara, inda ya yi wasa tare da E.T. Mensah, sarkin kiɗan hayilaif. A 1960 ya zo Nijeriya 'yan makonni bayan samun 'yancin kai, har aka ɗauke shi hoto tare da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, a Kaduna. A watan Mayu na 1964, lokacin da samarin Beatles suka riƙe wuyan kasuwar Amurka, wannan dattijo mai shekara 62 ne ya ture su daga matsayi na ɗaya da waƙar Hello, Dolly! Haka kuma waƙarsa What a Wonderful World ta 1967 ba ta yi wani tasiri a Amurka ba sa'ad da ta fito, ko da yake ta yi na ɗaya a Ingila a 1968. Sai bayan da aka sa ta a wani fim na yaƙin Biyetnam a 1987, shekara 16 bayan rasuwarsa, sannan mutanen ƙasarsa suka farga da ita.

Misali na biyu shi ne faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue. A zama biyu kawai aka ɗauke shi, ran 2 ga Maris da ran 22 ga Afrilu na 1959, a birnin Niyu Yok. Davis bai ba abokan aikinsa, irin su John Coltrane da Bill Evans, cikakken rubutaccen kiɗa ba, sai 'yan zane-zanen kari, ya bar kowa da basirarsa. Faifan bai yi irin farin jinin dare ɗaya ba, amma bai taɓa daina tafiya ba. A 2019, shekara sittin cif bayan fitowarsa, ƙungiyar kamfanonin faya-fayan Amurka ta tabbatar ya kai matsayin kwafe miliyan 5 a ƙasar. Da yawa daga waƙoƙin da suka fi shi kasuwa a 1959, yau ko sunansu ba a tunawa.

4.0 Kiɗan Latin: Ɗan da Ya Tafi Ya Dawo Gida

Kiyuba ba ta haramta bauta ba sai a 1886, Burazil kuwa sai a 1888. Saboda wannan jinkiri, al'adun da bayi suka tafi da su daga ƙasar Yarabawa da Kalaba da Kwango ba su kai ga gogewa ba. A gabashin Kiyuba, kaɗe-kaɗen waɗannan mutane suka auri jitar Sifaniyawa, aka haifi salon da ake kira son. Ƙashin bayansa wasu 'yan sanduna ne guda biyu da ake bugawa sau biyar, uku sannan biyu ko biyu sannan uku, duk sauran kayan kiɗa a kansu suke hawa.

A 1930 ƙungiyar Don Azpiazú ta ɗauki wata waƙa a Niyu Yok mai suna El Manisero, ma'ana mai sayar da gyaɗa, wadda Moisés Simons ya tsara, Antonio Machín ya rera. Asalinta ba wani abu ba ne illa kirarin talla, irin wanda masu yawo da kaya a ka suke yi a titunan Habana. Wannan waƙar talla ce ta buɗe wa kiɗan Kiyuba ƙofar duniya. Daga 1933 wani kamfanin Ingila mai tambarin HMV ya shiga buga jerin faya-fayan Latin masu lamba GV domin kasuwar Afirka, kuma ita ce ta zo a lamba ta ɗaya. Da faya-fayan nan suka sauka a tasoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, mutane ba su ji Sifaniyanci ba, amma sun gane bugun. Ɗansu ne da aka sace ya dawo da baƙuwar riga.

Abin da ya biyo baya babban babi ne a tarihin kiɗan Afirka. A birnin Kinshasa, wanda a lokacin ake kira Lewofolbil, Joseph Kabasele ya kafa ƙungiyar African Jazz a 1953, aka kuma kafa OK Jazz ta su Franco a 1956. Sun fara ne da kwaikwayon faya-fayan GV, sannan suka mayar da waƙar cikin harshen Lingala, aka sami rumbar Kwango. Waƙar da ta zama taken murnar 'yancin Kwango a 1960, wato Indépendance Cha Cha, a kan rawar Kiyuba aka ɗora ta. A ƙasar Gini aka kafa Bembeya Jazz a 1961, gwamnatin Mali ta aika ɗalibai Habana su koyo kiɗa a 1964, a Dakar kuma aka kafa Orchestra Baobab a 1970. A watan Disamba na 2021 hukumar UNESCO ta sa rumbar Kwango cikin jerin kayan gadon al'adun ɗan Adam.

A can Amurka ma jaz da Latin sun ƙulla zumunci. A 1947 Dizzy Gillespie ya ɗauki wani makaɗin ganga ɗan Kiyuba, Chano Pozo, wanda ɗan ƙungiyar asiri ta Abakuwa ne mai tushe a yankin Kalaba, suka fitar da Manteca. Daga Burazil kuma salon bosa noba ya ɓullo a 1958 ta hannun João Gilberto da Antônio Carlos Jobim. Faifan da Gilberto ya yi da Stan Getz ya fito a 1964, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1965.

5.0 Faɗuwa da Tashi

Kada mai karatu ya zaci waɗannan kaɗe-kaɗe sun yi ta haskawa ne ba tare da sun taɓa shiga duhu ba. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Zuwan kiɗan rok a tsakiyar shekarun 1950 ya raba jaz da matasa. A Kiyuba, bayan juyin juya halin 1959, an rufe gidajen rawa da dama, ciki har da kulob ɗin Buena Vista na asali, sababbin salo kuma suka ture tsohon son gefe. A Senegal, salon mbalak na su Youssou N'Dour ya kwashe 'yan kallo, har Orchestra Baobab ta watse a 1987.

Shi kansa faifan dattawan Habana, tsautsayi ne ya haife shi. Niyyar Nick Gold, mai kamfanin World Circuit na Landan, ita ce ya haɗa makaɗan Mali da na Kiyuba a faifai guda. Matsalar takardun tafiya ta hana 'yan Mali zuwa. Da aka ga an riga an kama ɗakin ɗauka, ga kuma Ry Cooder ya iso daga Amurka, sai aka ce a yi da waɗanda ke ƙasa. Juan de Marcos González ne ya bi gida-gida ya tattaro tsofaffin. Faifan ya ci Grammy a 1998, ran 1 ga Yuli na wannan shekara suka yi wasa a babban zauren Carnegie na Niyu Yok, a 1999 kuma Wim Wenders ya fitar da fim a kansu. Compay Segundo da Rubén González sun rasu a 2003, Ibrahim Ferrer ya bi su a 2005. Ɗaukakar ta zo musu da yamma liƙis, amma dai ta riske su da rai. Shirin farko na haɗa Mali da Kiyuba kuwa bai tabbata ba sai a 2010.

Ita ma Orchestra Baobab ta sake haɗuwa a 2001 bayan Turawa sun yi ta sayen wani tsohon faifanta na 1982. Wani abin sha'awa shi ne, Youssou N'Dour, wanda salonsa ya kore su daga fage, yana cikin waɗanda suka shirya musu faifan dawowa a 2002.

6.0 Tsohuwar Waƙa a Sabuwar Kasuwa

Da intanet ta zo, an yi zaton za ta binne tsofaffin waƙoƙi. Sai ga shi ta tone su. A da, mai kantin faifai ba ya ajiye abin da ba ya tafiya, domin wuri ya yi masa kaɗan. Yanzu kuwa waƙar 1959 da ta jiya suna zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin wayar hannu, farashinsu ɗaya. Alƙaluman kamfanin da ke ƙididdige kasuwar kiɗan Amurka sun nuna cewa a 2021 kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka saurara ko aka saya, waƙoƙi ne da suka wuce wata 18 da fitowa. A 2023 adadin ya haura kashi 72.

Misalai suna da yawa. Waƙar Kate Bush mai suna Running Up That Hill ta tsaya a matsayi na uku a Ingila sa'ad da ta fito a 1985. Da aka sa ta a wani wasan kwaikwayo na Netflix, sai ta yi na ɗaya a watan Yuni na 2022, bayan shekara 37, kuma akasarin masu saurarenta ba a haife su ba lokacin da aka yi ta. A watan Nuwamba na 2023, ragowar 'yan Beatles biyu suka yi amfani da kwamfuta suka tsamo muryar John Lennon, wanda aka kashe a 1980, daga wani tsohon kaset, suka kammala waƙar Now and Then. Ita ma ta yi na ɗaya a Ingila, shekara 54 bayan rabon ƙungiyar da wannan matsayi. Hatta babban faifan garmaho da aka yi wa jana'iza ya farfaɗo: a 2022 an sayar da kimanin miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko da ya sha gabansa tun 1987.

Masu kuɗi ba su yi barci ba. A watan Disamba na 2020 kamfanin Universal ya sayi haƙƙin mallakar waƙoƙin Bob Dylan fiye da 600, a kan kuɗin da jaridu suka ƙiyasta ya haura dala miliyan 300. Bayan shekara guda Sony ya sayi na Bruce Springsteen a kan kimanin dala miliyan 500, a 2024 kuma aka ba da rahoton ya sayi na ƙungiyar Queen a kan kusan fam biliyan ɗaya. Tsohuwar waƙa ta zama kadara kamar gida ko gona, abin da ake saye don a riƙa cin amfaninsa shekara da shekaru.

7.0 Dalilan Ɗorewa

Ruwa ba ya tsami banza. Ana iya kasa dalilan wannan al'amari gida huɗu.

Na farko shi ne rariyar zamani. Idan muka ce waƙoƙin da sun fi na yanzu, da me muke gwadawa? Muna ɗaukar 'yan ƙalilan da suka tsira daga cikin dubban da aka yi a shekarun 1950, mu gwada su da duk tarkacen da aka fitar a makon jiya. An riga an sheƙe na da, an tankaɗe, an zubar da dusa. Na yau kuwa ko sussuka ba a gama ba. Wannan gwaji ba na adalci ba ne.

Na biyu shi ne halin ɗan Adam. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Holbrook da Schindler, sun wallafa wani bincike a 1989 da ya nuna cewa mutum ya fi ƙaunar waƙoƙin da suka yi tashe sa'ad da yake wajen shekara 24. Waƙar da ta raka mutum zance, ko ta kwana da shi daren jarrabawa, ba kari da kalmomi ba ce kawai, wani yanki ne na rayuwarsa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai wannan dalili bai isa ya bayyana yadda yarinya 'yar shekara 15 za ta rungumi waƙar 1985 ba.

Na uku shi ne zubi da tsarin waƙoƙin kansu. Yawancin waƙoƙin jaz da na Latin an gina su ne yadda kowa zai iya ɗauka ya rera da muryarsa, ya kuma sa musu nasa gishirin. Shi ya sa El Manisero da Bésame Mucho ta Consuelo Velázquez 'yar Meziko suka ratsa ta bakin mawaƙa bila adadin. Waƙar da ta dogara ga karinta tana iya sauya riga ta rayu, amma wadda ta dogara ga sautin wata na'ura takan tsufa tare da na'urar. Bugu da ƙari, makaɗan wancan zamani a ɗaki guda suke zama su yi kiɗa tare, bayan sun shafe shekaru suna yi wa masu rawa wasa kowane dare, inda duk waƙar da ba ta motsa ƙafa ba take mutuwa nan take. Akwai kuma wani bincike da Joan Serrà da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, bayan sun bi diddigin waƙoƙi kusan rabin miliyan na tsakanin 1955 da 2010. Sun gano cewa ƙarar sauti tana ta ƙaruwa, ire-iren launin sauti da hanyoyin hawa da saukar kari kuwa suna ta raguwa.

Na huɗu shi ne jari. Kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli a kan tsohuwar waƙa ba zai bar ta ta kwanta ba. Zai tura ta cikin fim, da talla, da wasannin talabijin, har sai ta shiga kunnen wanda bai neme ta ba. Saboda haka ba kowace ɗorewa ce shaidar nagarta ba, wata turin kasuwa ce.

8.0 Ɗaya Gefen Faifan

Adalci ya wajabta a saurari ɓangaren na zamani. Da farko, wancan adadi na kashi 70 yana da ruɗi, domin waƙar da ta shekara biyu ma an lissafa ta cikin tsofaffi, kuma mafi yawan abin da ke cikin rukunin na 'yan shekarun baya-bayan nan ne. Jaz ɗin da ake ta yabo, rabonsa a kasuwar Amurka bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin 100 ba. Darajarsa ta fi kasuwarsa nesa ba kusa ba.

Na biyu, tarihi ya nuna cewa duk kiɗan da ake girmamawa yau, an taɓa kiransa shirme. A 1921 wata shahararriyar mujallar mata ta Amurka ta buga maƙalar da ta zargi jaz da lalata tarbiyya. A 1935 gwamnatin Nazi ta hana sa shi a gidajen rediyon Jamus. Shi kuma Frank Sinatra, wanda ya tashi cikin kiɗan manyan ƙungiyoyin jaz, ya fito a 1957 ya yi wa kiɗan rok wankin babban bargo. Wanda aka zaga jiya shi ke zagin na yau. Ya kamata wannan ya sa mai hukunci ya yi taka-tsantsan.

Na uku, sabo da tsoho ba kishiyoyi ba ne kamar yadda ake ɗauka. Waƙar Despacito ta shafe mako 16 a matsayi na ɗaya a Amurka a 2017, abin da ke nuna cewa kiɗan Latin bai tsaya a zamanin dattawan Habana ba. Bad Bunny ɗan Fotoriko, wanda ya fi kowa yawan masu sauraro a Spotify daga 2020 zuwa 2022, ya buɗe faifansa na 2025 da wani yanki na waƙar salsa ta ƙungiyar El Gran Combo ta 1975. A 2023 Samara Joy, mawaƙiyar jaz da aka haifa a 1999, ta ci Grammy ta sabuwar tauraruwa. A wannan shekara kuma ƙungiyar Ezra Collective ta Landan, wadda wasu 'yan'uwa biyu masu tushe a Nijeriya ke cikinta, ta zama ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar Mercury, da kiɗan da ya sha daga rijiyar Fela Kuti.

Duk da haka, akwai abin damuwa na gaskiya. Ya zuwa 2023 ana ɗora sababbin waƙoƙi fiye da dubu ɗari a kowace rana a dandalin sauraro na intanet. Tun da yake Spotify ba ya lissafa sauraro sai an kai daƙiƙa 30, mawaƙa sun shiga gajarta shimfiɗa suna gaggawar kai wa ga amshi. Matashin da ke da baiwa yana iya nutsewa cikin wannan ambaliya ba wanda ya ji ɗuriyarsa, ga shi kuma kuɗin da a da ake kashewa wajen renon irinsa, wani kaso nasa ya koma sayen kayan magabata. Idan aka cinye iri saboda daɗin tsohuwar tsaba, me za a girba baɗi?

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin kaɗe-kaɗen jaz da Latin da na yayi tun daga garmaho har zuwa wayar hannu. An ga cewa ɗorewarsu ta samu ne daga haɗuwar abubuwa da dama: nagartar zubi, da tacewar zamani, da begen ƙuruciya, da kuma ƙarfin jari. An kuma ga cewa babu ɗaya daga cikinsu da bai taɓa faɗuwa ba, kuma duk wanda ya tashi, sai da aka sami abin da aka adana sannan aka tashe shi.

Wannan batu na adanawa shi ne darasin ƙarshe. Ran 1 ga Yuni na 2008 gobara ta tashi a wani rumbun ajiya na kamfanin Universal a jihar Kalifoniya. Sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa cewa wata takardar cikin gida ta kamfanin ta ƙiyasta asarar ainihin ɗaukar waƙoƙi kimanin dubu 500, ko da yake kamfanin ya musanta girman ɓarnar. Idan haka ta faru a inda ake da kuɗi da na'urori, to ina ga inda aka jibge tsofaffin faya-fayai da kaset a ɗakin da ke yoyo, ga zafi ga gara? Da ba a adana kaset ɗin Lennon ba, da babu abin da kwamfuta za ta tsamo. Da Juan de Marcos ya yi jinkirin shekara goma, da kaburbura zai tarar a Habana.

Saboda haka, mai son tsohon kiɗa ya rage zagin na yau, ya tuna cewa nasa ma ya sha zagi kafin ya zama abin tinƙaho. Mai son na zamani kuma ya riƙa waiwaye, domin gwanayen da yake bi su ma can suke komawa ɗibar wuta. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an bar ƙudan zuma na bana sun yi saƙa, sannan jikoki za su sami tsohuwar da za su yi nasu maganin da ita.